Gadar da Haman Ya Haddace

Allah ya jiƙan Haman mai goro. A unguwar Briqueterie aka haife shi, kuma shekara talatin yana bin gadar katakon da ke kan rafin gindin unguwa, da safe ya tafi rumfarsa a kasuwar Mokolo, da la'asar ya dawo. Shi ya kafa wa gadar sandar dafawa da hannunsa. In katako ya ruɓe, shi zai canza.

Da ciwon suga ya fara cin idonsa, ba wanda ya sani sai amininsa Nu'man tela. Haman ya sa shi ya rantse ba zai gaya wa kowa ba, har matarsa Rahama.

"Malam, ido ya tafi," Nu'man ya ce masa wata rana. "Jiya fa bokiti ka yi wa sallama."

Haman ya yi dariya har da tari. "Ai ya fi ka amsawa. In Rahama ta ji, zaunar da ni za ta yi a ɗaki kamar tsohuwar tukunya. Bar ni, ƙafata na gani."

Gaskiya ya faɗa. Ya san kukan kowane katako, ya san wanda ke lanƙwasa, ya san inda ƙusa ta fito.

Bana aka gina gadar kankare, 'yan taku kaɗan sama da tsohuwar. Unguwa ta yi murna, don yanzu mota na iya shiga ɗaukar mara lafiya. Haman ya hau ta sau ɗaya, ya ce ba ta magana, ya koma wa tasa.

Ranar wata Talata, yana kasuwa, ma'aikata suka kwashe katakon tsohuwar gadar. Nu'man ya gansu daga shagonsa, ya ce bari ya ƙarasa rigar da ke kan keken ɗinki sannan ya je ya tare Haman. Ruwa ya kece, rafin ya cika ya yi ja. Haman kuwa ya tashi da wuri saboda hadari, ya bi hanyar da ya saba, ya miƙa hannu inda sandar take.

Washegari aka same shi can ƙasan rafin, cikin robobi da shara.

A zaman makoki Rahama ta ce, "Malam Nu'man, mutum da idonsa, yaya aka yi bai gani ba?"

Nu'man ya sunkuyar da kai. Har yau bai ba ta amsa ba, bai kuma ƙarasa rigar ba.