Kawaicin Umma a Gaban Gadon Yaya

Takalmin Yaya na fara gani da muka shiga ɗakin asibitin, ƙafa ɗaya a ƙarƙashin gado, jini ya bushe a jikinsa. Mota ce ta buge shi a Titin Ibrahim Taiwo yana dawowa daga Kasuwar Singa. Ni ko kayan makaranta ban cire ba muka fito daga Fagge.

Iya, maƙwabciyarmu Bayarabiya mai sayar da atamfa a Sabon Gari, ta riga mu zuwa. Ta ɗora hannu a ka tana kuka, tana kiran sunansa. Yayyen Baba mata suna zaune a benci.

Umma ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Ta yi wa tsohon da ke gadon kusa sannu. Sannan ta zauna can gefen tabarma, ko kallon gadon Yaya ba ta yi ba. An naɗe masa kai da bandeji, leɓensa ya kumbura, ido ɗaya ne a buɗe, kuma da shi yake bin ta.

Ta tambayi Gwaggo Babba, "Yaron ya ci wani abu?"

Yaron! Na san ɗan fari ne, ba ta taɓa faɗin sunansa ba, amma ban zaci abin zai biyo mu har nan ba.

Iya ta ce, "Haba Hajiya! Ɗanki ne fa! Tashi ki duba shi mana!"

"Ƙyale ta, Iya," in ji Gwaggo. "Kawaici ke nan. Ba irin iyayen yanzu ba, masu lashe 'ya'ya a gaban mutane."

Kafin ranar, kawaici a wurina shi ne a taka ki a layin famfo ki yi shiru, ko gishiri ya yi yawa a miya ki ci ba ki ce komai ba. Ban san ana yin sa a gaban jini ba.

Na zauna kusa da Umma. Fuskarta ba ta nuna komai ba. Amma ta ƙarƙashin mayafi ta kamo tsintsiyar hannuna, ta matse har farcenta ya shige ni. Duk nishin da Yaya ya yi, sai ta ƙara matsewa.

Ni da ko a aji ba na iya ɗaga murya, na zare hannuna, na je na ja gefen zanin Iya.

Na ce a kunnenta, "Iya, don Allah ki ja su Gwaggo waje, ki ce lemo za ki saya musu. Kada ku yi saurin dawowa."