Libarbar da Ke Ƙarƙashin Murhun Iya

Har yau idan na tuna hoton da Yaya Nura ya turo mini, zuciyata tafasa take yi. Muna tsakiyar kullen korona ne, ni da 'yata Ummi a wani ɗaki can saman benayen unguwar Bukit Jalil a Kuala Lumpur. Karatuna ya tsaya cak, jirage sun daina tashi, kuma Iya, kakarmu ta wajen uba, ta rasu a Rano ban ga ko makararta ba. Ta waya na karɓi gaisuwa. Ko arba'in ba a yi ba sai ga hoto: hannun Yaya Nura riƙe da wata tsohuwar bindiga libarba, baƙa ƙirin, a kan tsumman da ya sha man kaɗe. A ƙasa ya rubuta, "Kin ga abin da magina suka tono a ƙarƙashin murhun Iya? Ta Kaka Soja ce. Ki tambaya mana a can ko irin wadda ake ajiyewa ce don tarihi." Kaka Soja shi ne marigayi mijin Iya, mahaifin Baba.

Ban fara da kallon bindigar ba. Abin da ya fara ƙona mini rai shi ne har an fasa murhun, wai za a shimfiɗa tayil a tsakar gida. Tsohuwar ko ƙasar kabarinta ba ta gama kwanciya ba.

Murhun nan duwatsu uku ne kawai, kuma kowa ya san ba a wurin da ya dace yake ba. Yana tsakiyar gida, hayaƙinsa kullum cikin ɗakin Baba. Baba ya gina mata kicin mai rufin kwano, ta zuba kaji a ciki. Duk wanda ya yi mata maganar a matsar da shi sai ta ce, "Ni na dasa shi da hannuna. Ranar da na mutu ku yi yadda kuka ga dama." Yaya Nura kuwa ya riƙe maganar nan kamar wasiyya.

A bakin murhun nan muka tashi. Idan an ci tuwo an yi isha'i, sai Iya ta baza garwashi, ta tura gyaɗa ko dankali cikin toka, mu kuma mu jawo tabarma. Kujerarta 'yar tsugune ba ta canja gefe, kullum tana jikin dutsen gabas. Sai ta ce, "Wa ya zo da kunnensa?" Mu ce, "Mu ne!" Tana da tatsuniyoyi masu sa mu yi dariya har mu faɗi, na kura, na biri, na sarkin da ya rasa takalminsa. Amma akwai wata guda da ba ta bayarwa sai ranar da ta kama mu muna wasan soja. Yaya Nura gwani ne wajen ƙera bindigar kara. Iya za ta ƙwace, ta karya a gwiwarta, ta cusa cikin wuta, sannan ta zaunar da mu.

Wai wani mutum ne ya yi tafiya ƙasa mai nisa, ya dawo da garwashi guda ɗaya a cikin ɗan kasko, garwashin da ba ya mutuwa. Ja ne jawur, yana da kyau. Ya ɗora shi can saman bango, ranar Sallah ya sauko da shi ya nuna wa baƙi, ana ta tafa masa. Matarsa ta ce, "Malam, shi wannan abin me yake ci?" Ya ce, "Ba ya cin komai, na kallo ne." Wata rana ta ga faifan da aka rufe kaskon ya babbake. Ta ce a jefar da shi. Ya ce, "Kin san wahalar da na sha kafin na samo shi? Duk garin nan wa ke da irinsa?"

Rannan uban ya tafi kasuwa, uwar ta tafi rijiya, aka bar yara maza biyu a gida. Babban ya jawo turmi ya hau, ya sauko da kaskon don ya nuna wa ƙaninsa yadda ubansu ke nuna wa baƙi. Ya ɗaga faifan. Garwashin ya yi tsalle.

A nan sai Iya ta hau tona wuta da kara ba gaira ba dalili.

"Sai me, Iya?"

"Sai gidan ya koma yaro ɗaya."

Matar ta zuba wa garwashin ruwa, ya ƙi mutuwa. Ta yi niyyar jefa shi kogi, ta tuna masunta za su iya kamo shi a taru. Ta yi niyyar kai shi daji, ta tuna da yara makiyaya. Sai ta haƙa rami a tsakar gidanta ta binne shi, ta dasa duwatsu uku a kai, tana girki a wurin safe da yamma, don ba wanda zai zo ya yi tono a ƙarƙashin tukunyar tuwo. Ta zauna tana gadinsa har ta tsufa.

Na taɓa tambayarta ko an daki babban yaron. Ta zaro mini ido, muryarta ta canja. "A dake shi a kan me? Shi ya kawo garwashin gida? Uban ya kamata a zane." Na ce to yaya sunan wanda ya mutu? Ta ce, "Ba shi da suna. Na sauke a nan, ku tashi ku kwanta." Baba kuwa, da zarar ya ji an fara wannan tatsuniyar, sai ya ɗauki butarsa ya fita zaure. Mu a tunaninmu ya fi ƙarfin zancen yara ne.

Duk wannan bai faɗo mini a rai ba ranar da hoton ya zo. Haushin tayil ya rufe mini ido. Da Malam Bala ya kawo mini kayan miya, na nuna masa. Shi ɗan Kano ne mai sayar wa ɗalibai daddawa da kuka da man ja, a lokacin kulle har ƙofa yake kawowa, kuma mutum ne mai son tsofaffin kaya. Ya tsaya nesa da takunkuminsa, ya miƙo wuya yana kallon wayar.

"Kai! Hajiya, wannan ai original ce. Military surplus, irin ta yaƙin Bama. A ƙasar nan dai kar ma ki yi zancenta, harsashi ɗaya aka kama mutum da shi ya shiga uku. Amma collectors hauka suke yi a kanta. Ki ce masa kar ya kankare ta, kar ya yi mata fenti. Kuma ya nemo history ɗinta. In tana da story, value ɗinta ninkawa yake yi."

Don neman wannan labarin na kira Gwaggo Asabe, yayar Baba. Ina ambaton libarba ta yi salati. Sannan ta ce, "Wane mara tsoron Allah ne ya tono ta?"

Ta ba ni labarin tana kuka. Bayan yaƙi Kaka Soja ya sayi bindigar a gwanjon ragowar kayan soja. Ba farauta yake da ita ba, ba gadi ba, ta nunawa ce ranar Sallah. Baba yana yaro bai kai shekara goma ba, yana da ƙane Sani. Ita Gwaggo tana tankaɗe a ƙofar ɗaki ta ga Baba ya jawo turmi, ba ta kawo komai a ranta ba, sai ƙarar harbi ta ji. Sani ya faɗi, bai tashi ba. Iya ta ƙwace bindigar a ranar, ta ce wa mijinta ta jefa a kogi. Washegari aka ga sabon murhu a tsakar gida. Tun daga nan ba a sake kiran sunan Sani a gidan ba, saboda Baba.

Na zauna a ƙasan ɗaki. Na ji haushin Kaka Soja, wanda muka tashi muna alfahari da hotonsa cikin kaki. Na ji haushin dangi kaf, da suka bar tsohuwa ita kaɗai da wannan gadi suna yi mata tsiyar hayaƙi. Na ji haushin maganar Malam Bala, duk da shi bai san komai ba. Wai labari yana ƙara mata daraja. To ga labarin nan, wa zai saya?

Na kira Yaya Nura nan take. Ashe har ya ba mai gilashi aikin akwati, zai rataye ta a falon Baba ranar Babbar Sallah, ba tare da ya gaya masa ba, don ya faranta masa rai. Na kwashe duk abin da Gwaggo ta faɗa na gaya masa. Sai ya ce:

"Allah ya ji ƙansa. Amma Rakiya, ƙaddara ce, kuma an fi shekara sittin. Ba harsashi a cikinta. Kayan ubansa ne, Baba ma zai so ya gani. Gidajen mutane da yawa suna neman irin wannan ba su samu ba."

"Yaya, ka ji abin da na ce kuwa? Da ita Baba ya harbi ɗan'uwansa!"

"Ke kina can kina cin tapau, abincinku na leda, kina ba mu umarni. Tarihin gidanmu ne, ba zan zubar ba."

Ban san na ɗaga murya haka ba sai da maƙwabcina ya buga bango, Ummi ta fito tana cewa, "Mama, why are you shouting?" Da akwai jirgi a ranar, wallahi da na hau. Na roƙi Gwaggo ta je, ciwon ƙafa ya hana ta. Baba kuwa ban iya kiransa ba, don ban san da wane baki zan fara ba.

Ranar Sallah Yaya Nura da kansa ya kira ni ta bidiyo, wai in ga yadda zan ji kunya. Ina gani Baba ya shigo falo daga idi, ya ɗaga kai, ya tsaya. Sannan ya ce, "Sauko da ita. Buɗe." Ya naɗe hannunsa da gefen babbar rigarsa kafin ya ɗauke ta. Ya fita, wayar tana bin bayansa, ya wuce sabon tayil, ya shiga tsohon masai na bayan gida. Har nan Kuala Lumpur na ji ƙarar faɗawarta.

Da ya fito yana wanke hannu, Yaya Nura ya ce da ƙaramar murya, "Baba, kayan tarihi ce fa."

Baba ya ce, "Na san tarihinta."

Shekaru sun wuce, kulle ya zama labari, amma har yanzu ban gama huce wa Yaya Nura ba, kuma ba na ɓoye masa. Idan na ga mutane suna gardamar ko tsohuwar bindigar soja ta cancanci a ajiye ta, suna maganar lambar jikinta da ƙasar da aka ƙera ta, ba na cewa kowa ya zubar da tasa. Ina dai so a fara tambayar wa ke cikin gidan da zai riƙa kallonta kullum. Iya ta fi kowa iya ajiye libarba. Ta shafe ta da mai, ta naɗe ta, ta ajiye ta a inda ido ba zai gan ta ba, ta sha hayaƙi a kanta har ƙarshen ranta don ɗanta ya iya zama a gidansa. Mu kuma muna cin gyaɗa a kai muna cewa ta ƙara mana wata.

Da safiyar bayan Sallar nan na tarar matar Yaya Nura ta turo mini saƙon murya. Wai bayan isha'i Baba ya sa an zuba gawayi a kasko, ya ajiye a kan tayil daidai inda murhun yake, ya tara jikoki ya hau ba su tatsuniyar garwashin, ita kuma ta ɗauko mini muryarsa a waya. Tabon ƙunar yana nan har yau, ba wanda ya isa ya canja. Baba bai iya tatsuniya ba. Yana tsallake wurare, yana komawa baya. Da ya zo inda gidan ya koma yaro ɗaya, na ji wata ƙaramar murya ta yi tambayar da na yi wa Iya.

"Kaka, yaya sunan yaron?"

Ana jin gawayi yana ƙara.

"Sani," in ji Baba. "Sunansa Sani. Yana da wushirya, kuma duk inda na sa ƙafa yana bayana."