Azumin da na yi a ɓoye a gadon asibiti

Kun daɗe ba ku ji ni ba. Ina nan da rai, ga dalilin shirun.

Jini ne ya ƙi tsaya mini, har nakan ji jiri a bakin murhu. Hoto ya nuna ƙari a mahaifa, likita ya ce sai tiyata. Maigida ya sayar da doyar bana, na bar yara a Nukkai, na kwanta.

Rana ɗaya aka yi mana aiki da Saratu, wata mai sayar da burkutu daga Iware. Gadonta na kusa da nawa. Kafin a ce me, ta fara takawa tana raha da nas-nas. Ni kuwa ɗinkina sai ruwa yake yi, kullum wankin ciwo, kullum kuka.

Kishi ya cika ni. Ni da nake sharar coci, nake gaba a zumuntar mata, ni ce a kwance? A zuciyata na ce, da ma nata ɗinkin ya buɗe.

Sai ga zazzaɓi ya kayar da ita, ciwonta ya yi mugunya.

Lamirina ya hana ni sakat. Na shiga azumi a ɓoye don in wanke kaina, ina haɗiyar magani ba komai a ciki. Saratu ce ta gane. Tana rawar sanyi ta turo mini kununta: "Mama, kai sha mana."

Na ƙi. Washegari na faɗi a banɗaki, sai da aka yi mini ƙarin ruwa. Likita ya ce, "Madam, so kike ki kashe mana aiki?"

Da Fasto ya kawo Jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabi na tuna mutuwar Yesu, na ce ban isa in karɓa ba, na gaya masa komai. Ya ce, "Maman Bitrus, fatanki ba shi ya kawo mata zazzaɓi ba, amma zunubi ne. Yunwarki ba za ta wanke shi ba. Jinin Almasihu ne yake wanke lamiri, kuma an riga an zubar."

Na roƙi Saratu gafara, na karɓi Jibin da hawaye, na ci tuwo.

Ita aka fara sallama. Kishin ya ɗan motsa, ba zan yi ƙarya ba, amma wannan karon na kai wa Yesu.

Na warke. Na gode wa Allah, da maigida, da ma'aikatan jinya. 'Yan'uwa mata, in jini ya wuce ƙa'ida ku je asibiti da wuri. In kuma zuciya ta kama ku da laifi, ku furta, ku ci abinci, ku sha maganinku.