Kwamfuta a Robar Daddawa

Wani ɗan koren allo na fara gani a kan tabarmar ɗakina, bai kai tafin hannu ba, maigidana ya tsuguna yana hure masa ƙura. Ban daɗe da tarewa ba a lokacin. Gyaran waya yake yi a kasuwar Gezawa. Ya ce abin nan kwamfuta ce sukutum, ba ta cin wuta, ɗan batirin solarmu ma ya ishe ta. Zai loda mata finafinai, ya jona ta da wata tsohuwar talabijin da ya samo.

"Daga ni sai ke, amarya," ya ce. "Kullum bayan la'asar."

Ni kuwa da littattafan soyayya na tashi, irin waɗanda muke karɓa haya muna ɓoyewa a cikin hijabi. Nan take na gama tsara komai: labule a sake, turaren wuta na tashi, kaina a kafaɗarsa.

Saura abin da za a saka allon a ciki. Yana ta dube-dube a tsakar gida sai Inna, mahaifiyarsa, ta miƙo masa wata roba mai murfi. Daddawa take yi ta sayarwa, kuma a robar nan take zubawa. Na wanke ta da toka, na sake wankewa da sabulu. Ya huhhuda murfin da ƙusa mai zafi don iska ta shiga, ya ɗaure allon, ya fito da wayoyi ta gefe.

Kwamfuta ta kama aiki, hoto tar. Sai dai allon na ɗaukar ɗumi robar ta fara amayar da warin da ta sha. Jarumin fim na durƙushe yana miƙa fure, ni ina toshe hanci da gefen mayafi.

"Wallahi kamar ɓera ya mutu a ɗakin nan," na ce.

"Yi a hankali mana, Inna na waje. Robarta ce fa."

Ba a mayar wa suruka kyautarta.

Ranar da Inna ta leƙo ganin abin mamaki, ba talabijin ta kalla ba. Robar ta dafa.

"Au! Ashe ɗumi gare ta?"

Damina ce, sanyin ruwa ya hana kalwar da ta dafa ruɓewa, ita kuwa daddawa sai da ɗumi take yi. Washegari na dawo daga barkar haihuwa na tarar da kwandon dafaffiyar kalwa a kan kwamfutar, an lulluɓe su tare da ganye da buhu.

"Inna, wannan fa na'ura ce," in ji maigidana.

"To, na ce mutum ce? Ɗuminta a banza yake tafiya. Bar ta a kunne, ɗan nan."

Ya bar ta a kunne. Wari ya kama labule, ya kama katifa, ya shiga har cikin akwatin lefena. Ƙudaje suka tare a ɗakin. Bayan la'asar kuma Inna za ta shigo duba kwandonta, ta miƙe ƙafa ta zauna kallo, ni kunya ta kore ni bakin murhu. Daga can nake jiyo kiɗan da na yi mafarkin ji a gefen mijina.

Ba a jima ba hoton ya ɗauke. Da maigidana ya ɗaga kwandon, yauƙin kalwa ya bi ta hujin ƙusa ya cika robar, ƙananan tsutsotsi na motsi a kan koren allon. Da gudu na fita na yi amai a bayan rumbu.

"Daddawar dai ta yi kyau," in ji Inna.

Ya yi mini alkawarin haɗa wata, bai haɗa ba. Yanzu shago gare shi a Ungogo, yana tura wa mutane finafinai a wayoyinsu. Sai ƙarshen mako yake zuwa gida. Ya kwanta ya juya mini baya, abin ji a kunnuwansa, yana ta dariya shi kaɗai.