Baffa Mai Aski da Buroshin Auta

Baffa yayan mahaifinmu ne, kuma tun kafin a haife ni yake aski a shagonsa na bakin titi. Kujera ɗaya ce mai juyawa, sai madubi mai tsaga a kusurwa, da 'yar kwalbar man inji da ba ta barin aljihunsa. Allah bai ba shi haihuwa ba, mu ne 'ya'yansa. Maganarsa kullum ita ce, "Duk abin da ke ƙara, mai yake nema." Ƙofar ɗakinmu da fankar falo da keken ɗinkin Umma, babu wanda bai sha ɗigon mansa ba.

Da aka saka wa ƙanwarmu Auta wayar gyaran haƙori, likita ta ce buroshin hannu ko mai caji duk za su yi, in dai ana bin gefen kowane ƙarfe a hankali. Umma ta sayo na hannu mai laushi. Baffa ya dube shi ya taɓe baki.

"Ni da na bar almakashi na koma inji, 'yata ce za ta zauna tana dirza kamar mai wankin tukunya?"

Washegari sai ga shi da mai caji a kwali. Auta har da tsalle.

Ba a daɗe ba dasashinta ya kumbura yana jini, alhali kullum muna jin kukan buroshin a banɗaki. Likita ta ce in bai gyaru ba kafin zuwa na gaba, cire wayar za ta yi, gara haƙori a karkace da ruɓaɓɓe. Auta ta yi kuka har gida, domin ta gaji da sunan Zomo da ake kiranta a makaranta.

Ni na gano zancen. Wata safiya na tarar da Baffa a bakin famfo, ya cire kan buroshin yana ɗiga masa mai.

"Baffa! Me kake yi haka?"

"Ba ki ji yadda yake gurnani ba? Ni nake kula da shi tun ranar da ya shigo gidan nan."

Auta ta leƙo daga bayan ƙofa, ta amsa cewa kunna shi kawai take yi ya yi ta kuka a hannunta, don warin man yana tayar mata da zuciya.

"To me ya hana ki faɗa, uwata?" in ji Baffa.

"Ai kai ka sayo min."

Baffa ya mayar da kwalbar man aljihu. Umma kuwa dariya har da zama a ƙasa. "Yaya, saura jaririn maƙwabta, shi ma yana ƙara!"

A ranar ya sayo sabon kai, amma Auta ta ce ita dai na hannun tukuna. Sai ya zamana in ta taso daga makaranta takan biya shago, ya ɗora ta a kujerar nan, ya yafa mata ƙyallen aski.

"Ɗaga haɓa, ranki ya daɗe."

Ya riƙe mata madubi tana bin ƙarfen da buroshi ɗaya bayan ɗaya, yana nuna mata inda ta tsallake, masu jiran aski suna ta mita.

Likita ba ta cire wayar ba. Yanzu Auta mai caji take amfani da shi da safe, amma a akwatinta take kulle shi, don har gobe in Baffa ya ji kukansa hannunsa aljihu yake nufa.