Zanen da Kaka Ta Yaga

A shekarar ƙuri'ar raba gardama ta biyu, wadda ta bar Mubi cikin Nijeriya, ina ɗan shekara tara, muna zaune a unguwar Yelwa. Babana ya ba wani tela mutumin Marwa ta Kamaru, Hamadu, ɗakin da ke bakin ƙofar gidanmu. Matarsa ta rasu da damina. Bayan wata biyu masu wanki suka tsamo shi daga kogi da sauran numfashi, kuma kowa ya san ba santsi ne ya kwashe shi ba. Ya dawo ya rufe ɗaki, keken ɗinkinsa ya yi shiru.

A bakin rijiya mata suka yanke hukunci cewa halin baƙi ne. "Mu ba ma yin haka," in ji matar kawuna. "Kun taɓa jin ɗan ƙauyenmu Vimtim ya yi?" Na karɓi maganar kamar karatun aji.

Kaka, mahaifiyar babana, takan ba mu tatsuniya a bakin murhu muna gasa gyaɗa. Ran nan sai ta sa aka mayar da wutar kusa da ɗakin tela, wai hayaƙi na damunta a can. Ta kuma ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

Ta ce a wani ƙauye na kan dutse, mutum biyu suka gaji da duniya rana ɗaya, suka hau inda dutsen ya yanke. Ɗaya ɗan gari ne, ɗaya baƙo. Dangin ɗan gari suka bi shi, suka riƙe shi, suka sauko da shi, suka gaya wa mutane wai akuyarsa ce ta ɓata ya je nema. Baƙo kuwa ba wanda ya bi shi, sai wata tsohuwa mai itace da ta gifta. Ba ta jin yarensa, ba ya jin nata. Ta dire masa damin itacen a gabansa, ta nuna masa bayanta da ke ciwo, ta nuna gari. Ya ɗauka ya kai mata. Washegari ta same shi a wurin, da wani damin.

"To sai me ya faru?" na tambaya.

"Sai jibi ta kawo wani."

"Kaka, ai wannan ba ƙarshe ba ne."

"Kai, mijin banza, ko zane ba ka taɓa saya mini ba, kana neman ƙarshe? Tashi ka kwanta."

Da safe na gan ta a bayan rumbu ta sa haƙori ta yaga zanenta na zuwa coci, wanda ba abin da ya same shi. Ta je ta buga ƙofar Hamadu. "Ɗana, tsohuwa za ta tafi tsirara ran Lahadi, kana kallo?" Kafin azahar muka ji ƙarar keke. Makon nan ta yaga rigar babana, ta yaga wandona na makaranta, na sha duka a kansa.

Ina da shekara ashirin da uku babana ya gaya mini cewa ƙanen Kaka, wanda muka taso muna jin maciji ne ya sare shi a gona a Vimtim, ba maciji ba ne. Dangi ne suka shirya abin da za a faɗa.

Tun daga nan lissafin ya rikice mini. Shin baƙo ya fi ɗan gari kaiwa ga wannan hali saboda ba shi da mai binsa, ko kuwa nasa ne kawai ake gani don ba shi da mai rufa masa asiri? Na ji masu ilimi suna faɗin kowanne da tabbaci. Ban kuma san wa Kaka ke yi wa tatsuniyar ba, tela ko ƙanenta da ba ta riska ba.

Hamadu ya bar Mubi da rani, a mota mai zuwa Maiha, ba mu sake jin labarinsa ba. Abu ɗaya na gani da idona: da kansa ya ɗaure kekensa a bayan motar, ya ja igiyar sau biyu don ya tabbata ba zai faɗo ba.