Gilashin da ke Bangon Aji Huɗu

Kowace safiya, kafin shayinsa ya huce, sai ya yanka gilashi. Yakan shimfiɗa tsohuwar jarida a kan tebur, ya ɗora guntun gilashin taga da ya tsinto a wata makaranta, ya ja masa layi da ɗan abin yanka, sannan ya danna da babban yatsa. Ƙas! Sai ga siririn yanki, tsawon yatsa guda. Ya goge bakinsa a jikin dutse don kada ya yanki hannu, ya jefa cikin tsohon gwangwanin madara. In ya yi biyar ko shida, sai ya jawo kofinsa.

Ofishinsa ne na ƙarshe a sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, bayan ɗakin ajiyar fayil, inda fanka ke juyawa kamar roƙonta ake yi. A takarda, shi ne mai duba gine-ginen makarantu. Amma ba mai kiransa haka. 'Yan makaranta ne suka raɗa masa Baba Guduma, saboda 'yar gudumar da ba ya rabuwa da ita, sunan kuma ya bi shi har gida. Matarsa in ta ji ƙarar babur ɗinsa a ƙofa sai ta ce da jikoki, "Ku matsa daga jikin bango, ga mai gwada shi nan ya dawo."

Makarantu talatin da ɗaya ne a hannunsa, kuma duk ta baya yake shigarsu. Sai ya zagaya ya duba inda ruwan kwano ke zuba, ya leƙa banɗaki, ya tsuguna a gindin bango ya damƙi ƙasa ya murza, sannan ya zo ofis ya yi sallama. Shugabannin makarantu da yawa ba sa son haka. Shi kuwa cewa yake yi gaban gini ake yi wa kwalliya, bayansa ne ke faɗin gaskiya.

A wurinsa tsagar bango iri biyu ce: akwai mai barci, akwai mai tafiya. Mai barci tana iya shekara ashirin ba ta ƙara ko ƙwayar zarra ba. Mai tafiya kuwa kullum tana ci gaba a hankali, ido ba ya ganewa. Don haka yake ɗaukar yankin gilashinsa ya gitta shi a kan tsagar, ya kama bakinsa biyu da siminti, ya rubuta kwanan wata da fensir a gefe. A littafinsa kuma ya rubuta wurin, taƙi kaza daga taga, taƙi kaza daga ƙasa. In bangon ya motsa ko da kaurin gashi ne, gilashin zai fashe.

Ni ta dalilin Auta na san shi, 'yata ta ƙarshe, wadda ke koyar da aji huɗu a makarantar unguwarmu. Yara hamsin da takwas ne a gabanta. A bangon da ke kusa da allo akwai wata tsaga da ta taso daga kusurwar taga ta gangara ƙasa, ta daɗe a wurin har yara sun saba da ita. Kafin damina ta sauka Baba Guduma ya zo ya manna mata gilashi.

"Wannan maigadina ne," ya ce da yaran. "Ba ya cin abinci, ba ya barci. Duk wanda ya taɓa shi zai gaya mini."

Ajin ya kwashe da dariya. Ya ce da Auta zai dawo bayan mako shida, ya rubuta hakan a littafin baƙi na ofis, littafin da kowa ke rubutu a ciki amma ba mai karantawa.

Ana cikin haka takarda ta iso cewa kwamitin ilimi na ƙaramar hukuma zai zagaya makarantu. Shugabar makarantar mace ce mai himma, ta fi shekara ashirin tana riƙe da wurin kamar ɗakinta, ba ta son a zo a same ta da kunya. Ta tara mu kwamitin iyaye, muka amince a kira magini ya toshe duk wata tsaga, a shafa fenti. Ni da bakina na zaɓi launin, shuɗi mai haske irin na sararin sama bayan an ɗauke ruwa. A hutun ƙarshen mako aka yi aikin. Magini ya ga gilashi a kan hanyarsa, bai san na mene ne ba, ya bi ta kansa da filasta ya lailaye.

Ranar Litinin Auta ta shiga aji ta tarar maigadi ya ɓace. Ta gaya wa Shugaba, aka ce mata ai an gyara tsagar gaba ɗaya, me kuma za a yi da gilashi? Ta dawo gida ta gaya mini.

"Baba, hankalina bai kwanta ba."

"Ke dai kin faye tsoro," na ce. "Ciwo ya warke, kina kukan an cire bandeji."

Har yau in na tuna wannan magana tawa sai na ji bakina ya yi ɗaci.

Mako shida suka cika ranar wata Talata, saura kwana biyu kwamiti ya zo. An yi ruwa da asuba. Ina makarantar muna jera tukwanen furanni a bakin ofis, sai ga Baba Guduma ya ɓullo ta baya, ƙafar wandonsa duk taɓo. Ya shiga aji huɗu, na bi shi. Ya tsaya gaban shuɗin bangon nan mai santsi kamar ƙwai, ya daɗe yana kallo.

"Malama, ina maigadina?"

"Yana ciki, Baba," in ji Auta, muryarta ƙasa ƙasa. "An rufe shi."

Bai yi faɗa ba. Ya buɗe littafinsa, ya auna taƙi uku daga kusurwar taga, taƙi biyar daga ƙasa, ya ɗiga alama da fensir. Ya ƙwanƙwasa bangon daga nesa, yana matsowa, kunnensa a kusa. Can nesa ƙarar tana fita da ƙarfi, tas tas. Da ya iso wurin alamar sai ta koma kamar ana buga ganga mai sanyi. Ya zaro doguwar ƙusa daga jaka ya ɗora a kan sabon fenti.

Daidai nan Shugaba ta shigo.

"Baba Guduma! Don girman Allah me za ka yi? Jibi fa suke zuwa!"

"Shugaba, ajiya na yi a nan, na zo ɗauka."

"Ka bari zuwa Jumma'a mana. Ni da kaina zan riƙe maka ƙusar."

"Yaran nan za su bari zuwa Jumma'a kafin su zauna a ƙarƙashinsa?"

Ta ja da baya. Ya fara sara a hankali, kamar mai cire ƙaya daga ƙafar jariri. Filasta na zuba a kan takalminsa. Yara sun miƙe tsaye a kan benci. Da ramin ya kai faɗin tafin hannu sai ya hure ƙurar, ya matsa gefe don mu gani.

Gilashin ya rabu biyu. Ba fashewa kawai ya yi ba, rabin da ke ɓangaren taga ya sauka ƙasa da ɗan'uwansa, har ana iya zura farce a tsakani.

"Ko maginin ne ya fasa shi?" Shugaba ta tambaya.

"Magini yana iya fasa shi. Amma ba zai iya saukar da rabi ya bar rabi ba. Bangon ne ke zama, ƙasa na janye masa." Ya juya wurin Auta. "Malama, fitar da su. Layi layi, ba gudu. Kowa ya ɗauki jakarsa, don ba za a dawo ba."

Ya tsaya a bakin ƙofa yana ƙirga kawuna har na hamsin da takwas ya wuce, sannan ya ciro kwaɗo daga jakarsa ya datse.

Ba a yi awa guda ba Kansilan mazaɓarmu ya iso, don shi zai yi wa kwamiti jagora, kuma wannan makarantar ce abin nunawarsa. Ya ja Baba Guduma gefe, amma muryarsa ba ta san gefe ba.

"Haba Baba, ginin da ya yi shekara arba'in a tsaye, a kwana biyun nan ne zai faɗi?"

"Ranka ya daɗe, ban san ranar da zai faɗi ba. Da na sani, da na bar su a ciki har ana gobe."

"Saura shekara guda ka yi ritaya. Kada ka sa a mayar da kai gadin ɗakin ajiyar kujeru."

"Can ma akwai bango, ranka ya daɗe. Na daɗe ina son in duba shi."

Kansila ya ce a ba shi makullin. Baba Guduma ya ce makulli yana tare da rahoto, rahoto kuma yau zai shiga ofis, wanda duk ya sa hannu a ƙarƙashinsa cewa a buɗe, shi zai miƙa wa. Kansila ya dubi birona da ke aljihuna, ya dubi ƙofar, ya koma motarsa.

Aji huɗu suka koma baranda, allo jingine a kan kujeru biyu. Shugaba ta wuni a ofis ba ta fito ba. Na ɗauka ranar Alhamis za ta zagaye da baƙin ta wata hanya, don ajin yana can ƙarshen gini, ana iya wuce shi ba a lura ba. Amma da motocin suka tsaya, ko furannin ba ta bari sun kalla ba.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi," ta ce da shugabar kwamitin. "Ku zo ku fara ganin kuskurena."

Baba Guduma ya buɗe kwaɗo. Suka shiga ɗaya bayan ɗaya suka duƙa gaban ɗan ramin nan. Shugabar kwamitin ta zura farcenta tsakanin gilasan biyu, ta miƙe ta ce a tona gindin bangon ta waje, yanzu, tana tsaye.

Ba a yi nisa da tono ba ruwa ya fara tsattsafowa. Ashe bututun da ya taso daga tankin makaranta ta nan ya bi, ya tsage a ƙarƙashin ƙasa Allah kaɗai ya san tun yaushe, yana ta lasar ƙasar da tushen ginin ke zaune a kai. Damina kuma ta zo ta taya shi. Lebura ya zura ƙotar shebur a ƙarƙashin tushen, ta shige duka ba ta taɓa komai ba. Na dubi wurin, na ɗaga kai na dubi tagar da teburin Auta ke jikinta. Na zauna a kan tulin ƙasar da rigata mai kyau.

Bangon bai faɗi ba. Magina ne suka sauke shi bulo bulo, cikin natsuwa, da rana tsaka. Shi ya sa ba a ji labarin a rediyo ba, ba wanda ya zo ɗaukar hoto. Abin da bai faru ba ba shi da ranar tunawa. Yara hamsin da takwas suna nan suna faɗa a kan fensir, Auta tana nan tana dawowa gida da alli a gefen mayafinta, kuma ba wanda zai iya nuna maka wurin da aka cece su, sai dai ɗan rami da tuni aka rushe bangonsa.

Ba a ba Baba Guduma lambar yabo ba, ba a kuma kai shi ɗakin kujeru ba. Wata huɗu aka yi ana gyara. Da aji huɗu suka koma ɗakinsu, na shirya wata safiya na tafi sashen ayyuka, na wuce ɗakin fayil, na same shi a kan jaridarsa.

"A'a, mai shuɗin fenti! Shigo. Ka zo da sauran ne a shafa mana?"

"Baba, godiya na zo yi."

"Zauna a waccan, wannan ƙafarta uku."

Na zauna. Tun a gida na tsara abin da zan faɗa, kalmomi masu kyau, na jera su kamar tukwanen furannin nan. Da na buɗe baki sai duk suka watse.

"'Yata ce," na ce. "Ita ce autata."

Ya danna gilashin. Ƙas. Ya goge bakinsa a dutse ya jefa a gwangwani.

"Na sani," ya ce. "Ita ce ta gaya mini maigadina yana ciki. Ka gode mata. Ka gode wa Shugaba ma, ba kowa ke kai baƙo wurin kuskurensa ba." Ya kurɓi shayi. "An ɗauke bututun daga gindin ginin kuwa, ko sun sake binne shi a wurin?"

"An ɗauke. Ta bayan katanga ya bi yanzu."

"Ka gani da idonka?"

"Na gani."

"To madalla. Zan zo in gani da nawa."

Ya rufe gwangwanin ya sa a jaka, ya ɗora littafin, ya soke gudumar a gefe. Ya ce akwai wata makaranta a hayin kogi da silin ɗinta ya yi ciki, yana so ya isa kafin hadarin nan ya haɗu. Na miƙe zan raka shi, ya ce in zauna in sha ruwa, rana ta yi.

"In za ka fita ka ɗaga ƙofar sama kafin ka ja," ya ce. "Rahoto uku na rubuta a kanta."

Ya rataya jakar a kafaɗa. Da ya zo bakin ƙofa ya ɗan ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa, sau biyu, ya saurara, sannan ya fita.